Darasi A Kan Ciwon Sankara: Abin Da Hukuma Ta Tanada Da Abin Da Ya Rage A Wuyan Maigida

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu jikinmu amana, kuma zai tambaye mu a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi wata jana'iza ce da na sallata a unguwarmu. Mamaciyar mace ce da ba ta cika shekara 45 ba, ta bar ɗiya 6, ƙaramarsu ba ta daɗe da yaye ba. Da muka dawo daga maƙabarta, mijinta ya riƙe hannuna ya ce: "Malam, wallahi ban san da ciwon ba sai da wari ya fara fita daga ɗakinta." Ashe fiye da shekara guda tana jin ƙullutu a nononta. Kunya ta hana ta gaya masa, ta gaya wa wata maƙwabciya, ita kuwa ta ce mata wannan daji ne, daji kuwa ba ya son allura. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har wurin ya fashe. Ranar da aka kai ta gidan likita, sai likitan ya tambaye su abin da ya tsayar da su tun bara.

Ajalinta ne ya zo, babu mai jayayya da wannan, Allah ya jiƙanta. Amma mu da muka rage, wajibi ne mu tambayi kanmu: shin mun sauke abin da aka ɗora mana? Wannan darasi yana da fasali 5.

Fasali na 1: Mene ne sankara

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, suna haihuwa suna mutuwa bisa tsarin da Mahalicci ya ɗora su a kai. Idan wasu daga cikinsu suka fita daga wannan tsari, suka riƙa yaɗuwa ba tsayawa, sai su zama ƙullutu, su ci naman da ke kewaye da su, daga baya su bi jini su sauka a hanta ko huhu ko ƙashi. Wannan shi ne abin da muke kira sankara, ko ciwon daji, ko kansa. Ba a ɗaukarsa ta hanyar gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko jinyar mai shi. Saboda haka wanda ya ƙaurace wa marar lafiya don tsoron ɗauka, ya zalunce shi a banza.

Cuta ce tsohuwa, likitocin Musulmi na farko sun san ta da sunan saraɗan. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 ta Miladiyya, ya yi magana a kanta a littafinsa At-Tasrif. Ma'anar abin da ya bayyana shi ne, idan tana ƙarama kuma a wurin da za a iya cire ta gaba ɗaya, kamar nono, to a cire ta, amma idan ta daɗe ta girma, shi bai taɓa warkar da irinta ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Yau shekara dubu ke nan, kayan aiki sun canza ƙwarai, amma asalin maganar yana nan: sankara da aka gano da wuri tana jin magani da izinin Allah, wadda aka bari ta yaɗu kuwa wuyarta babba ce. A ƙasashen da mata ke zuwa bincike da wuri, fiye da 9 cikin 10 na masu sankarar mama suna raye bayan shekara 5 da gano ta.

A ƙasarmu Nijar, tun 1992 ake rubuta lissafin masu wannan ciwo a sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Abin da lissafin ya nuna shi ne, a cikin mata sankarar mama da ta bakin mahaifa suna sahun gaba, a cikin maza kuwa ta hanta tana cikin waɗanda suka fi yawa. Wani abin lura shi ne, waɗannan 3 duka akwai hanyar riga-kafinsu ko ta gano su da wuri.

Fasali na 2: Abin da hukuma ta tanada

Na farko, a 2007 gwamnatin Nijar ta fitar da doka wadda ta sa kula da sankarar mata ya zama kyauta a gidajen likita na gwamnati, bayan da aka yi haka ga tiyatar haihuwa a 2005 da kuma jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Sanannen abu ne cewa tsarin kyauta ya sha fuskantar ƙarancin magani da jinkirin biyan asibitoci, kuma kuɗin mota da abinci da masauki suna kan iyali. Duk da haka, haƙƙi ne da doka ta ba matanmu, kuma wanda bai san haƙƙinsa ba, ba zai tambaye shi ba.

Na biyu, akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara a Yamai, wadda aka fi sani da CNLC. A 2021 aka buɗe sashenta na gasa ciwo da haske, da taimakon hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya. Wani haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aikawa daidai wurin ciwon, ya kashe miyagun ƙwayoyin, marar lafiya yana kwance ba a yanka shi ba. Kafin wannan shekara, mai bukatar wannan magani sai ya fita ƙasashen waje, talaka kuwa sai ya koma gida ya yi haƙuri.

Na uku, binciken bakin mahaifa. Wannan sankara tana da wata siffa da ta zama rahama: ba ta faɗowa dare ɗaya. Yawanci takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 daga farkon canjin fatar bakin mahaifa kafin ta zama sankara, ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki. A cikin waɗannan shekaru macen ba ta jin komai, amma ungozomar da aka horar tana iya gani. Takan shafa ruwan kal, wato binegar da aka tsarma, a bakin mahaifa, bayan minti guda wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Idan ƙarami ne, akan ƙone shi da sanyi ko da ɗumi cikin ƴan mintoci, mace ta tashi ta koma gidanta. Akwai kuma gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar mace ta fara wannan bincike daga shekara 30, mai ɗauke da cutar sida kuwa daga shekara 25, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau 6. A kowane watan Oktoba akan yi gangamin wayar da kai da bincike, za ku ji ana shelarsa a rediyo, amma ba sai an jira Oktoba ba. Mace ta tambaya a cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa da ita, ko a asibitin uwa da yaro na jaharta, za a nuna mata inda ake yi.

Na huɗu, allurar riga-kafi. Likitoci sun tabbatar cewa kusan duk sankarar bakin mahaifa tana tasowa ne daga wata ƙwayar cuta mai suna HPV, kuma iri 2 daga cikinta, lamba 16 da lamba 18, su ke jawo kimanin kashi 70 cikin 100. An samu allurar da ke kare ta tun 2006, ana yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. A 2013 Nijar tana cikin ƙasashe 8 na farko da ƙungiyar Gavi ta zaɓa domin a fara kai allurar ga ƴan mata a wasu yankuna, maƙwabciyarmu Najeriya kuma ta shigar da ita cikin alluran yau da kullum a watan Oktoba na 2023. A 2020 ƙasashen duniya suka amince da buri guda: kafin 2030 a yi wa kashi 90 na ƴan mata allura, a binciki kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. A 2022 kaɗai mata kimanin 350,000 wannan ciwo ya kashe a duniya, mafi yawansu a ƙasashen talakawa.

Haka nan sankarar hanta. Babban sababinta a ƙasashenmu shi ne ciwon hanta nau'in B. Jaririn da ya kamu da shi, kimanin 9 cikin 10 ciwon yakan zauna masa har girma, yana cin hantar a ɓoye, sai mutum ya kai ƙarfinsa, yana da mata da ɗiya, a ga idonsa ya yi shawara, cikinsa ya kumbura. Tun 2008 riga-kafin wannan ciwo yana cikin allurar nan mai kare cututtuka 5 da ake yi wa jarirai a Nijar, a sati na 6 da na 10 da na 14. Uban da ya tsaya ɗansa ya cika waɗannan 3, ya yi masa garkuwa daga ciwon da zai iya kashe shi bayan shekara 40.

Na biyar, a 2006 an kafa dokar yaƙi da shan taba, wadda ta hana shanta a wuraren taruwar jama'a. Taba ita ce kan gaba wajen jawo sankarar huhu, tana kuma jawo ta baki da maƙogwaro da mafitsara. Sigari da shisha da tabar da ake cusawa a baki, babu na zaɓe a cikinsu.

Fasali na 3: Shubuhohi da amsarsu

Shubuha ta farko: wani zai ce, mutum yana lafiyarsa ƙalau ya je neman ciwo, ina tawakkali? Amsa ita ce, riƙon sababi yana cikin tawakkali. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Kuma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, sannan ya juya da mutane. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe 2, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Manomi a cikinmu yana duba rumbunsa tun kafin gara ta gama da shi, ba mu taɓa jin an ce ya rasa tawakkali ba.

Shubuha ta biyu: wai daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya haukace. Asalin wannan magana shi ne, mutane ba sa kai marar lafiya asibiti sai ciwo ya riga ya yaɗu, in ya rasu bayan tiyata sai a ce ƙarfe ne ya kashe shi, alhali jinkiri ne. Addu'a da ruƙya ta shari'a alheri ne, mu yi su dare da rana, amma mu yi su muna kan hanyar likita. Mai maganin da ya ga ƙullutu yana girma a jikin mace, ya ci gaba da karɓar kuɗinta wata da watanni yana hana ta zuwa asibiti, ya ji tsoron tsayuwarsa gaban Allah.

Shubuha ta uku: al'aura. Kunya ado ce ga mumina, muna roƙon Allah ya ƙara wa matanmu. Sai dai malaman fiƙihu sun halatta mai magani ya duba wurin ciwo gwargwadon lalura, ba tare da wuce iyaka ba, kuma mace ita ta fi cancanta ta duba mace. Binciken bakin mahaifa galibi ungozomomi mata ne ke yin sa, kuma mace tana da damar neman mace ta duba ta. Idan ba a samu ba, ciwo kuma ya bayyana, to tsare rai yana gaba, sai mijinta ko muharraminta ya raka ta. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan kuma akwai tambaya a kanmu: in muna son mata su duba matanmu, ɗiyar wa za ta yi karatun? Imamu Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u. Kuma Rufaida Al-Aslamiyya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

Shubuha ta huɗu: wai allurar ƴan mata dabara ce ta hana haihuwa. Mun taɓa jin irin wannan magana a 2003, lokacin da aka dakatar da ɗigon shan-inna a wasu jihohin arewacin Najeriya, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yara suka shanye. Daga baya aka koma ɗigon, har aka tabbatar a 2020 cewa shan-inna na asali ya ƙare a Afirka. Allurar HPV an yi wa miliyoyin ƴan mata ita, har a ƙasashen da ake ƙera ta, kuma bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne sankarar kanta. Shari'a ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu yaɗa shi, wanda yake da shakka ya je ya tambayi likita Musulmi da ya amince da shi.

Faɗakarwa: kada wani ya ji cewa ana ɗaukar HPV ta hanyar saduwa, ya zargi matarsa. Ƙwaya ce mai yawa ƙwarai a cikin mutane, namiji yakan ɗauke ta bai sani ba, takan kuma kwanta shekaru ba alama. Mace kamila da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samunta. Wanda ya jefi matarsa da zargi saboda wannan ciwo ya haɗa mata ciwo 2, ya kuma kusanci zunubin ƙazafi.

Fasali na 4: Alamomin da ba a kwana da su

Ga mata: ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya zafi, fatar nono ta zama kamar ɓawon lemu, kan nono ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini, ciwon da ya ƙi warkewa. Haka nan jini bayan saduwa, ko jini tsakanin haila da haila, ko jini bayan mace ta daina haila, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa. Mata sukan aiko mana da tambaya a kan jinin istihala, yadda za su yi salla da azumi. Muna ba su hukuncin, amma daga yau ina ƙara musu da cewa jinin da ya saɓa al'ada a kai shi gaban likita. Kuma tun da kowace mace tana lissafin kwanakinta saboda salla, to ta riƙe wannan: in ta yi wankan tsarki, ta shafa nonuwanta da hammatarta da tafin yatsu, ta san yadda suke, domin ta gane ranar da wani abu ya canza. Mafi yawan ƙullutu ba sankara ba ne, amma bincike ne kaɗai ke rarrabewa.

Ga maza: wahalar fitsari ga wanda ya haura shekara 50, jini a fitsari ko a bayan gida, tari da ya daɗe, rama ba dalili, nauyi a gefen dama na ciki. Kada mu raina tsargiya ga yaranmu masu wanka a tabki da gulbi, domin in ta daɗe ba magani tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara. In an zo rabon ƙwayoyinta a makaranta, a bar yaro ya sha.

Fasali na 5: Abin da ya rage a wuyanmu

Ya kai maigida, hukuma ta gina asibiti, amma ba za ta shiga ɗakin matarka ba. A gidajenmu da yawa mace ba ta fita sai da izininka, ba ta da kuɗin mota sai ka ba ta, ba ta faɗin ciwon da ke ɓoye sai ta ga fuskarka a sake. Kai makiyayi ne, za a tambaye ka a kan abin da aka ba ka kiwo. Kada ka jira ta roƙe ka. Kai ka fara cewa: "Uwargida, shirya gobe ki je a duba ki." Mai mata 2 ko 3 ya yi adalci a nan kamar yadda yake yi a rabon kwana da tufafi. Ka tuna da mahaifiyarka da gwaggonka da ke ƙauye, ka tuna da gwauruwar da ba ta da mai kai ta. In aka ce sai an cire nono domin a tsirar da rai, kada ka zama dalilin ƙin yarda, kuma kada ka juya mata baya bayan an cire. Tsoron saki da tsoron kishiya sun sa mata da yawa sun ɓoye ciwo har kabari.

Ka karɓi katin allurar jaririnka ka duba da idonka. Ka bar matarka ta haihu a gidan likita, ka ƙarfafa ta a kan shayarwa, domin shayarwa mai tsawo tana rage haɗarin sankarar mama. Ranar suna, da ranar kaciya, da ranar ƙaho, ka tabbata wanzami ya yi aiki da sabuwar reza ko kayan da aka dafa, domin ciwon hanta yana bin jini, aska guda tana iya ɗaukarsa daga kai zuwa kai. Ku kuma wanzamai, sana'arku mai daraja ce, ku tsare ta da tsabta.

Ku manoma da ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa, ku kula da gyaɗa da masara. Idan aka adana su da danshi sukan yi hunhuna, hunhunar kuma tana fitar da wani dafi mai suna afalatoksin, wanda dahuwa da suya ba sa kashe shi, yana taruwa yana lalata hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. A shanya amfanin gona ya bushe sarai, a ɗaga buhu daga ƙasa, a tsince ruɓaɓɓiya a zubar. Wanda ya tara gyaɗar da ta lalace ya sayar da arha ga masu ƙuli-ƙuli domin yara su ci, ya sani wannan algus ne, kuma algus haramun ne.

Ku ƴan'uwana limamai da malaman makarantun islamiyya na mata, mu ba wannan magana wuri a huɗuba da darasi. Ku masu hali, kuɗin motar marar lafiya daga ƙauye zuwa Yamai sadaka ce mai girma, kwamitin kowane masallaci yana iya ware wani abu domin haka. Su kuma mahukunta, muna yi musu nasiha da abin da ke wuyansu: su kusanto da bincike ga mutanen karkara, su wadata asibitoci da magani, su tsaya kyautar da doka ta faɗa ta isa ga talaka. Ma'aikatan lafiya kuma su tausasa harshe, domin tsawa guda tana iya korar macen da ta yi shekara tana tara ƙarfin halin zuwa.

Mutumin da na ba ku labarinsa a farko, bayan an share makoki ya ɗauki ƙanwar marigayiyar da babbar ɗiyarsa mai aure ya kai su aka duba su. Ya ce mini da ya san haka tun bara da ya yi. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, kuma ya shiga da shi cikin gida a daren yau.

Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka sanya ciwonsu ya zama kankarar zunubi, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka ba mu ikon sauke amanar iyalanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.